Ƙwaryar da Ta Kife a Allon Faustina

Faustina malamar lissafi ce a wata sakandare a Kafanchan. A wani taron horar da malamai aka koya mata wata manhajar kwamfuta: shafi ne fari, ka rubuta aljabara, ta warware maka da haruffanta, ta zana hoton amsar a ƙasa. Har da ɗan maɓalli da ake ja hagu da dama. Ana ja, lamba na canzawa, zanen na motsi.

Ranar Asabar ta sa kwamfutar a jaka ta shiga mota zuwa Zangon Kataf, wurin Baba Gershon. Shi ya koya mata lissafi tana yarinya, kuma a zamaninsa babu mai zane da alli kamarsa. Tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa hannunsa na dama, ko cokali da hagu yake riƙewa.

Ta same shi a inuwar mangwaro, matarsa Mama Caroline tana shanya citta a gefe. Bayan gaisuwa ta buɗe shafin.

"Wannan abin ne zai yi wa yara tunani?" in ji shi.

"Baba, ku dai gani tukuna."

Ta rubuta lissafi, zane mai kamar ƙwarya ya fito, bakinsa sama. Ta ɗora yatsansa na hagu a kan maɓallin. Ya ja a hankali. Ƙwaryar ta yi ta buɗewa, ta baje, ta zama miƙaƙƙen layi, sannan ta lanƙwashe ƙasa ta kife.

Ya mayar, ya sake ja. A daidai inda ta zama layi ya tsaya.

"Duk shekarun da na yi a aji," ya ce, "nakan zana wadda ke buɗe, in zana kifaffiya, in ce yara su hango tsakaninsu da ido na zuci. Ni ma da zuci nake hangowa. Yau na gani."

Faustina ta ji daɗi har ta fara lissafa abin da za ta nuna wa ajinta ranar Litinin. Ya ɗaga hannu.

"'Yata, ina tsoron abu ɗaya. Ni na ji daɗin nan ne don na daɗe ina tambaya. Yaron da bai taɓa tambaya ba, zai kalla kamar fim, ya yi tafi, ya manta."

"To in ɓoye musu?"

"A'a. Ki bari su yi gardama tukuna."

A mota tana komawa, maganar ta tsaya mata a rai. Da ta isa gida ta gyara shafin, ta rufe zanen, ta bar tambaya kawai: idan lambar nan ta sauko ta zama sifiri, me zai sami ƙwaryar?

Ranar Litinin aji ya kaure da gardama. Wata ɗaliba mai suna Peculiar ta rantse ƙwaryar za ta ɓace. Derrick, wanda bai cika magana ba, ya ce tsukewa za ta yi. Wasu suka zana a iska da hannu. Faustina ta bar su sai da muryoyi suka fara tashi, sannan ta kira Peculiar ta ja maɓallin da kanta. Da layin ya miƙe, yarinyar ta ce, "Kai! Malama, ashe ba ta mutu ba, kwanciya ta yi."

Ƙararrawa ta buga ba a kai rabin darasin ba. Mataimakin shugaban makaranta ya tare ta a baranda, ya tuna mata jarrabawa ta kusa, kuma ajinta ne a baya. Ta ce ta ji. Gaskiya ce ya faɗa, ta kuma san sauran darussan sai ta bi su da gudu. Ta zauna a ofishin malamai da tsarin karatun zangon a gabanta, tana zaɓen waɗanda za ta ba irin wannan lokaci da waɗanda za ta rubuta a allo kawai ta wuce.