Tayil a Tsakar Gidan Inna

Na shimfiɗa tayil a tsakar gidanmu don gidan ya yi kuɗi, tayil ɗin ya karya wa mahaifiyata ƙugu. Abin da ya faru ke nan. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban, tausayina yake ji.

Gidan nata ne, ba nawa ba. A unguwar Sabangali yake, ba nisa da kogi. Mahaifinta ya baro Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan neman guzuri, guzurin bai taɓa cika ba. Ya yi aure, ya gina ɗakuna huɗu, ya mutu. Inna Kubura ita kaɗai ya bari. Shekara takwas ke nan da idonta ya rufe.

Bayan babbar salla, da alhazan unguwa suka dawo, ta kira ni da ƙanwata Zuwaira.

"Muttaka, sayar da gidan nan. Baɗi ka kai ni inda Baba bai kai ba, tun ƙafata tana ɗaukata. Abin da ya rage ku nemi fili a Toukra, can bayan gari."

Ni kayan babur nake sayarwa a unguwar Moursal. Na san kaca, na san fulogi, ban san cinikin gida ba. Sai na ɗauko wani dillali, Uzairu, mutum mai turare da waya biyu. Ya zagaya tsakar gida yana yatsina fuska.

"Wannan igiyar fa? A daidai ƙugu kuke shanya?"

"Ta Inna ce. Ita take bi daga ɗakinta zuwa bayi."

"Cire ta. Randar nan ma a ɗauke. Malam Muttaka, mai kuɗi in ya shigo ya ga rami nan, tudu can, igiya a tsakiya kamar turken akuya, kafin ya zauna ya rage maka miliyan biyar a ransa. Yi fenti, sa tayil, kalas, shi ke nan."

Maganar ta shige ni. Ko tsohon babur sai an wanke shi an goge ake kai shi kasuwa.

Zuwaira ce ta ƙi. Ta ce, "Yaya, Inna da tafin ƙafa take gani. Ta san saiwar darbejiya, ta san kwarin da ke gaban randa, ta san inda ƙasa ta yi laushi. In ka shafe su ka sake makantar da ita."

Na ce, "Ke kin taɓa sayar da ko kaza?"

"Ban taɓa ba. Amma ni nake yanke mata farce, na san ƙafar."

Ban saurare ta ba. Na kai Inna gidan Zuwaira kwana goma, na kawo magina. Suka sare saiwar, suka cike ramuka, suka zuba siminti, suka jera tayil fari mai sheƙi tun daga zaure har bakin bayi. Da suka gama ni kaina sai da na tsaya ina kallo. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa, "Muttaka, otal ka buɗe?"

Ranar da aka dawo da ita, ta cire takalmi a zaure kamar yadda ta saba, ta taka, ta tsaya cik.

"Ina kuka kawo ni?"

"Gidanki ne, Inna."

"Gidana? Wannan abu mai sanyi kamar bayan kwaɗo?" Ta miƙa hannu tana laluben iska. "Ina igiyata?"

"Sati biyu kawai, Inna, har a samu mai saye. Duk inda za ki, Dije za ta riƙe miki hannu."

Dije matata ce. Inna ba ta ce komai ba. Ya kamata in gane daga shirun nan. Matar da ta haura saba'in, ko sunana ba ta kira a gaban surukarta saboda kunya, ita ce za ta buɗe baki ta ce wa Dije zo ki kai ni bayi? Kwana uku ta rage shan ruwa don kar ta nemi kowa. Daga baya na ji wannan.

Rana ta huɗu, da azahar, ina zaure da Uzairu da wani mai saye. Inna ta fito ƙofar ɗakinta ta yi alwala inda ta saba yi tun kafin a haife ni. Da, in ta zuba ruwa ƙasa take shanyewa. Tayil ba ya shan ruwa. Ta miƙe, ta yi taku biyu.

Ƙarar buta na fara ji. Sai wata ƙara mai nauyi. Ba ta yi ihu ba. Muka same ta kwance a gefe guda, ƙafar hagu ta juya waje, tana ta salati a hankali. Mai sayen ya ce Allah ya sauwaƙe, ya fita, bai dawo ba.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini. Ya ce ƙugu ne ya karye, kuma ƙashin tsufa ba ya haɗuwa yadda ake so. Na ce masa muna da niyyar Makka baɗi.

"Cire wannan a ranka."

"Ai akwai keke. Ana tura tsofaffi a ɗawafi, na gani a waya."

"Malam, matar nan ko zaman minti goma ba za ta iya ba. Ka roƙi Allah ta iya juyawa da kanta."

Zuwaira tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da na samu abin faɗa da ita.

Da aka sallami Inna na durƙusa a gaban gadonta na ce zan fasa sayarwa, zan ɓalle tayil ɗin, in maida igiya.

Ta ce, "Ka maida saiwar ma?"

Sannan ta ƙara da cewa:

"Sayar, Muttaka. Gidan da ban san hanyarsa ba, me zan yi da shi?"

Bayan wata guda Uzairu ya kawo wani ɗan kasuwa, Alhaji Yahya. Ya shigo da takalminsa, bai ko dubi ƙasa ba. Yaransa suka ja ma'auni daga bango zuwa bango, suka fita suka auna bakin titi.

Na ce, "Alhaji, tayil ɗin sabo ne. Fentin ma."

"Wane tayil? Fili nake saye. Duk rushewa zan yi, bene zan tayar, shaguna a ƙasa. In kana son abinka ka ɓalle kafin motar rusau ta zo."

Na juya na kalli Uzairu. Ya sa waya a kunne, alhali ba wanda ya kira shi.

Mun koma Toukra, gidan haya, kafin mu samu fili. Da lokacin tafiya hajji ya yi, Inna tana kwance ta ji maƙwabta suna rakiyar wani maniyyaci zuwa filin jirgi. Ta tambaye ni ko wane ne, na faɗa mata. Ta ce a kai masa goro, ya yi mata addu'a a can. Sannan ta ce in kira Dije ta zo ta juya ta, gefen ya gaji.

Miliyan talatin da ɗaya Alhaji Yahya ya biya. Uzairu ya cire la'adarsa cif.