Fuskar Dutse Ta Koma Tsibiri

Ranar da Gobnait ta dage sai an rushe tsohon ɗakin shanu, mijinta Donnacha ya yi ta ƙunƙuni, amma dai ya ɗauko guduma. Suna cikin fidda duwatsu sai wani dutse ya gangaro gabanta. Ta juya shi da ƙafa, sai ga fuskar mutum a sassaƙe, hancin ya gutsure.

"Donnacha, zo ka ga ɗan'uwanka," in ji ta. "Har kunnuwanku iri ɗaya."

Ya zo ya duba, ya sosa ƙeya. Ya ce ya taɓa ji a bakin kakarsa cewa wanda ya gina ɗakin nan, a kwalekwale ya kwaso duwatsu daga kangon cocin da ke tsibirin tsakiyar tafki. Sufayen Kirista ne suka gina cocin shekaru ɗari takwas da suka wuce. Yanzu ba rufi, sai bango da kaburbura.

"Ashe gidan ɓarayin dutse na yi aure," in ji Gobnait.

"Ke dai rufa mana asiri. Lokacin kowa ɗiba yake yi, har danginku."

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, suka naɗe dutsen a tsohon bargo suka shiga kwalekwale. Ana yayyafi, Donnacha yana tuƙi yana haki, ita kuma ta rungume dutsen a cinya.

A saman ƙofar kangon akwai kawunan dutse shida a jere, da gurbi ɗaya da ciyawa ta cike. Gobnait tun tana yarinya take wucewa ta ƙofar nan, ba ta taɓa tambayar me ya bar wurin ba. Donnacha ya taka wani kututture, ya tuge ciyawar, ya ɗaga dutsen da ƙyar ya tura. Ya shige daram.

"To, malam, ka sha zama da shanu," ya ce da shi. "Ka yafe mana."

Gobnait ta yi dariya har da hawaye. Yayyafin ya ɗauke. Suka zauna a jikin bango suka ci burodi da man shanu, suka sha shayi mai zafi. Daga nan barci ya kwashe Donnacha, hula a kan fuska. Ita kuwa ta tafi kabarin mahaifiyarta tana cire ciyawa, tana ba ta labarin abin da ya faru tun daga farko.