Kalmar da Yaya Ya Zaɓa Mini

Da aka ce otal ɗin bakin titi yana neman mai guga, Yayana ya ce shi zai shirya ni. Ni firamare kawai na yi. Shi kuwa ya yi shekara ɗaya a kwaleji kafin kwalejin ta gaji da shi, don haka a gidanmu shi ne Turanci.

Ina son aikin sosai. Ƙarshen wata Kawu zai rufe shagonsa na wanki da guga, inda na yi shekara uku, kuma ba na son komawa zaman ɗaki.

Yaya ya ce duk wanda ya shiga wurin manya ya ce zai yi ƙoƙari da ƙaramin Turanci, ƙofa ake nuna masa. Akwai babbar kalma, endeavour. Ya zaunar da ni ya yi bayani. Ma'anarta ƙoƙari ne, amma ƙoƙarin da ya sa kwat. Ba a faɗa wa ƙawa, ba a faɗa a kasuwa, sai a takardar ofis ko gaban shugaba. Na tambaye shi a hankali ko ya fi ƙoƙarinmu na kullum yawa. Ya ce a'a, duk ɗaya ne. Na ce to me ya sa za mu wahala? Ya ce irin waɗannan tambayoyin ne suka hana ni ci gaba.

Kwana uku ina nanata jimlar da ya rubuta mini. Inna ta leƙo daga kicin ta tambaya ko ciwon haƙori nake yi.

Ranar da na je neman aikin, ba ofis aka kai ni ba. Ɗakin ƙasa ne, injinan wanki suna ruri, zanen gado jibge har kafaɗa. Shugabar wurin, wata dattijuwa da tabarau a goshi, ta dube ni. Na buɗe baki, kalmar ta fito rabi ta maƙale.

"Ƙanwata, ruwa kike so?" in ji ta.

Sai ta miƙo mini farar riga mai santsi, ta nuna dutsen guga. Na ɗan taɓa shi a lanƙwasar cikin rigar, kamar yadda Kawu ya koya mini. Ya yi wa yadin zafi. Na rage wuta na tsaya jira, ita ma ta tsaya tana kallona. Na fara da kwala, na bi hannuwa, na gama da baya. Ta ɗaga rigar ta duba a haske, ta ce biyun da suka zo kafin ni kowace ta bar mata tambarin ƙuna a aljihun riga.

"Litinin, ƙarfe bakwai. Ki zo da takalmi mai rufi."

Yaya yana bakin ƙofar otal ɗin yana jira. Ko sannu bai ce ba, ya tambaya ko na faɗi kalmar. Na ce rabi na faɗa.

Ya girgiza kai cikin takaici. "Kin gani? Rabi kawai. Da kin ƙarasa, manaja za su ba ki."