Rigar Stamper

Sau uku Orval Tackett yana rubuta wa hukumar gyaran takardun soja, sau uku ana ba shi amsa ɗaya: fayil ɗinsa bai nuna ya ji rauni a Vietnam ba. Ga tabo a cinyarsa ta hagu kamar tafin hannu, ga ɓarɓashin ƙarfe da har yau yake sa na'urar filin jirgi kuka. Shekarunsa saba'in da shida, likita kuma ya daina yi masa zancen baɗi. Abu ɗaya yake so: lambar yabo ta waɗanda aka raunata a fagen daga, a rubuta ta a kan dutsen kabarinsa.

Wannan karon hukumar ta haɗo da kwafin rajistar asibitin sansani na ranar da ya ambata, don ya gani da idonsa babu sunansa. 'Yarsa Darlene ce take karanta masa a kicin.

"Mutum huɗu ne, Baba. Babu kai." Ta ɗan tsaya. "Amma ga Kawu Virgil. Stamper, V. Ɓarɓashin bam, cinyar hagu."

Orval ya ajiye kofin kofi. "Sake karantawa."

Ta sake.

Virgil Stamper ne abokinsa tun daga Vietnam. Shekara hamsin suna kamun kifi tare, Virgil da gajeren wando, cinyoyinsa sumul kamar na jariri. Yana da lambar yabon, har hotonta na jikin allon lambar motarsa. Cewa yake bayan an kwashe Orval ya samu tasa, kuma raunin yana inda ba a nuna wa jama'a. Ana dariya, a wuce. Duk lokacin da Orval ya roƙe shi takardar shaida, sai ya ce ranar yana kwance da zazzaɓi, bai ga komai ba.

Sai Orval ya tuna buhun. A daji ba wanda yake da rigarsa. Jirgi mai saukar ungulu ne yake jefo buhun wankakkun kaya, kowa ya ɗauki wadda ta shige shi, ko sunan wa aka ɗinka a ƙirjin. Ƙarfen da aka buga sunansa kuwa a igiyar takalmi yake ɗaure shi, kamar kowa, don kada ya yi ƙara. Ranar da bam ya same shi, takalmin aka fara yankewa aka yar, sai sunan da ke jikin rigar ya rage. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya sa aka gyara sunan da ke jikin gadonsa, bai taɓa tunanin takardar farko ta riga ta tafi ba.

"Ba ni makullin mota."

"Baba, likita ya ce..."

"To ki tuƙa."

Sun tarar da Virgil a baranda yana fere dankali.

"Kai, gurgu," in ji Virgil, "yau ba Juma'ar kamun kifi ba ce. Ko marigayiya matar taka ce ta kore ka daga bakin kabarinta?"

Orval ya miƙa masa takardar. Virgil ya karanta, wuƙar ta zame ta faɗi cikin bokiti.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Orval.

"Tun ranar da kyaftin ya maƙala min ita."

Darlene ta toshe baki da hannu.

"Ba ka ce komai ba?" in ji Orval.

"Na yi niyya. Amma an riga an buga wa tsohuwata waya. Da na dawo, garin nan kaf ya fito tasha. Tsohona, wanda bai taɓa dafa kafaɗata ba, ya rungume ni a gaban mutane." Ya goge hannu a wando. "Na ce gobe zan faɗa. Goben ce har yau."

"Kai ka riƙe min kwanon fitsari a asibiti bara."

"Ni ne."

"Kai ka kai ni gidan waya da wasiƙar farko."

"Da ta biyu ma."

Orval ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan matakala. Ya daɗe yana kallon allon motar Virgil.

Darlene ta ciro fom ɗin shaida daga jaka. "Kawu, in ka sa hannu, za su karɓe lambar yabonka. Kowa zai ji."

"Na sani, 'yata. Ba ni biro."

Ya cika shafin, ya juya baya ya ci gaba. Da ya gama ya shiga ɗaki, ya fito da ƙaramin akwatin lambar yabon da sukurdireba. Ya ajiye akwatin kusa da Orval.

"Ɗauke abarka," in ji Orval. "Da sunanka a bayanta. Tawa nake jira."

Virgil ya durƙusa a bayan motar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya fara kwance allon. Ƙusa ta biyu ta yi tsatsa, ta ƙi juyawa. Orval yana kallonsa, bai tashi ba.