Jan Salatif a Kofin Baba

Ƙurjin ya fito wa Baba a gefen leɓe bayan zazzaɓi, jikarsa ko wata ba ta yi ba a duniya. Ɗansa, mai gyaran waya, ya ɗauki hoton bakin ya bincika a intanet a shago. Ya ga sunan cutar, hapis. Ya ga kuma an ce tana iya kashe jariri. Daga nan bai ƙara karanta komai da hankali ba.

Da ya dawo gida sai ya ga cutar a ko'ina: a tawul, a marfin buta, a hannun ƙofa, a matashin kujerar da Baba ke gyangyaɗi. Ya yanko jan salatif ya naɗa a hannun kofin Baba, da cokalinsa, da ƙusar da ake rataya tawul ɗinsa.

"Maigida, ka gaya masa da baki mana," in ji matarsa. "Mutum ne fa."

"In ce masa me? Baba kana da cuta?"

Abin da ya manta shi ne, wannan alamar Baba ne ya koya masa ita. Shekaru Baba yana gyaran rediyo, kuma duk wadda ta ƙi gyaruwa jan salatif yake manna mata ya tura ƙarƙashin tebur.

Da safe Baba ya juya kofin a hannunsa.

"Injiniya, ashe ni ma na ƙi gyaruwa?"

"Don kada ya ɓace ne, Baba."

"To, madalla. Miƙo min amaryata in gaishe ta."

Haka yake kiran jikar. Matar ta miƙa ta, amma mijin ya riga shi karɓa, ya ce barci take ji. Idon yarinyar a buɗe yake tar. Hannayen Baba suka tsaya a sama, sannan ya mai da su kan gwiwa.

Ƙurjin ya bushe ya faɗi, salatif bai fita ba. Ɗan yana wanke hannu har fatarsa ta tsage. In Baba ya fito daga banɗaki sai ɗan ya bi banɗakin da ruwan zafi, Baba kuwa yana jin ƙarar ruwan daga ɗakinsa.

Ranar rigakafin yarinyar ɗan ya tambayi nas. Ta ce ya yi daidai da ya hana sumba da haɗa kofi lokacin da ƙurjin ke ɗanye.

"Tawul fa? Ƙofa? Kujera?"

"Malam, mutane da yawa na ɗauke da ita ba su ma sani ba. Ba ta zama a kujera tana jiran kowa. Ya warke?"

"Tuntuni."

"To ba shi jikarsa."

A hanya yana ta aunawa: rabin abin da ya yi gaskiya ne. Ya kasa gano inda rabin ya ƙare.

Ya tarar da jakar Baba a bakin ƙofa, ƙanwarsa ta zo tafiya da mahaifinsu gidanta. Ya shiga kicin da sauri ya ɓare salatif ɗin daga kofin, danƙon ya bar baƙin zobe.

"Baba, nas ta ce babu komai. Ga ta, ɗauke ta."

Baba ya dubi yarinyar, ya daɗe. Sai ya sa hannayensa a baya.

"Bar ta, Injiniya. In ta yi ko atishawa gobe, ni za ka kalla. Kai ma ka sani."

Ɗan ya miƙa masa kofin.

Baba ya karɓi kofin, ya shafa zoben da babban yatsa, ya cusa shi a jaka.

"Wannan dai nawa ne, ko?"