Rabin Maganar Baba Bakanike

"A sake," in ji mai kyamara. "Baba, ɗan ɗaga kai. Ka yi murmushi kuma."

Karo na shida ke nan. Baba Bakanike yana tsaye a ƙofar gida, hannunsa ɗaya a kan bonet ɗin tsohuwar motarsa. Mutanen kamfanin motar suna ganin tsayuwar hoto ce, ni na san don kada ya faɗi ne. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, shi ya sa suka ce daga ƙugu zuwa sama za su ɗauke shi. Sun shafa masa hoda a goshi. Sun cire masa rigarsa mai baƙin mai, sun sa masa sabuwa shuɗiya mai tambarin kamfani a ƙirji. Ni ina gefe da kujerar roba a hannu, ina jiran a ce an gama in tura masa ita.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Tun da ciwon zuciya ya kama shi, in na gama ɗinkina nakan shiga in taya Inna, matarsa, tayar da shi da kwantar da shi, don ba su da kowa a kusa. Aku yake kirana, saboda sai in wuni a gidan ban ce uffan ba. "Aku, ki bar mu haka da surutu, kunnuwanmu sun gaji," haka yake tarbata kullum.

Motar kuwa, babu wanda ke kiran ta da sunan da kamfani ya sa mata. Sai-an-tura ake ce mata. A layinmu har tsokana ake yi, wai in ka ga mutum da ƙwanji, ka bincika, maƙwabcinsa na da ita. Shekara da shekaru kamfanin yana kwance, ba mai saye. Yanzu sun fito da sabuwa suna son wanke sunansu, sai wani ya ba su labarin wani tsoho da tasa ke tafiya shekara talatin da ɗaya. Shi ne suka zo da manaja da mai kyamara, da sabuwar mota ja, suka ajiye ta kusa da ta Baba.

Kafin a fara ɗauka Baba ya ce sai ya leƙa ƙarƙashin sabuwar. Inna ta hana, ya ƙi ji. Muka shimfiɗa masa kwali, muka saukar da shi a hankali kamar tulu. Ya jima a ciki, numfashinsa na fita da ƙara, sannan ya kira ni.

"Aku, zo, idonki ya fi nawa. Bayan tayar gaba ta hagu. Kin ga wani siririn bututu kamar fensir?"

Na durƙusa na leƙa. Na gyaɗa kai.

"Na birki ne. Kin ga yana jingine da bakin ƙarfe? Duk ramin da mota ta faɗa, sai ya gogu. Shekara ɗaya ko biyu ya huje, man birki ya tsiyaye, mutum ya taka ya ji wayam." Ya juyo da kai wajen manaja. "Ɗana, a nan tsohuwar ma take da shi. Ba ku taɓa shi ba."

"Injiniyoyinmu sun duba komai, Baba."

"A takarda suka duba. Kwanta ka gani."

Manaja ya dubi kwalin, ya dubi wandonsa, ya yi dariya.

To, maganar da suka rubuta masa ya faɗa gajeriya ce. Shi kuma duk ɗauka sai ya ƙara mata tasa. A karo na shidan ma haka ya yi.

"Shekara talatin da ɗaya motar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, saboda tun ranar farko na matsar da bututun birkinta yatsa uku, na naɗe shi da roba. Duk wanda ya saya, ya matsar kafin ya hau titi."

"Baba," in ji manaja, "a kan 'kunya ba' za ka tsaya."

"A nan ne maganar ta fara."

"Talla ce, ranka ya daɗe, ba karatu ba."

"Ni kuma bakina ne. Na ciro mutane daga cikin irin motar nan da hannuna bayan haɗari, ɗana. Ko ku sa duka, ko ku karɓi rigarku."

Manaja da mai kyamara suka haɗa ido. Na gani, kuma ban ce komai ba, abin da har yau yake cina ke nan.

"Shi ke nan, Baba. Duka za mu sa."

"Alkawari?"

"Alkawari."

Suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Ranar Baba bai iya cin komai ba, a zaune ya wuni don kwanciya na toshe masa numfashi.

Bayan mako biyu mai shagon bakin layi ya shigo da gudu da waya a hannu.

"Baba, ka zama ɗan fim. Ga ka nan kamar ango."

Aka kunna. Kiɗa mai daɗi, rana na haska bonet, Baba na murmushin da ni ban ga ya yi ba ranar. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya motar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba." Bakinsa bai ma rufe ba aka yanke, jar motar ta fito tana gudu a kan titi mai santsi.

"Sake sa min," in ji Baba.

Aka sake.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Baba? Ai ya yi kyau haka. Malama ta gidan ƙarshe ma jiya ta ɗauko tata. Ta ce tunda kai ka faɗa, magana ta ƙare."

"Malama mai yara uku?"

"Ita. Har ta kwashe su da safe sun tafi hutu wajen kakarsu."

Baba ya miƙa masa wayar ba tare da ya dube shi ba. "Sun yanka ni a tsakiya," ya ce wa Inna. "Shekara hamsin ina ƙarƙashin mota ban taɓa ce wa mutum tafi ba in na san ba za ta kai shi ba. Yau da bakina ake cewa a tafi."

Aka kira lambar manaja sau ba adadi, ba ya ɗagawa. Lambar Malama ba ta shiga. Sai Baba ya ce in ɗauko biro. Ni a aji huɗu na tsaya, rubutuna kamar tafiyar kaza, amma na rubuta duk abin da ya faɗa, har ya zana bututun da hannunsa a ƙasan takardar. Washegari na kai wajen da suke baje kolin motocin. Wuri ne mai gilashi ta ko'ina, sanyi kamar cikin firji, ga hoton Baba ya kai tsayin ƙofa. Wata mata mai dogayen farce ta karɓi takardar da yatsa biyu.

"Daga wa?"

Na nuna hoton.

"Ayya, tsohonmu. Ki gaishe shi."

Ta ajiye takardar a kan tebur, ta ɗora kofin shayinta a kai. Ina kallo zoben ruwa ya fito a kan rubutuna. Na juya na fito, na yi ta zagin kaina har gida.

Daga ranar Baba ya ce a riƙa fitar da shi ƙofar gida. Mu zaunar da shi a kujera, mu sa masa matashi a baya. Duk sabuwar Sai-an-tura da ta shigo layin, sai ya ɗaga hannu yana cewa a tsaya. Muryarsa ba ta kai bakin kwata. Direbobin kuwa sun san fuskarsa daga talla. Sai su danna hon, su leƙo ta taga suna dariya.

"Baba, ba ta taɓa ba mu kunya ba!"

Su wuce. Shi kuma hannunsa na sama har ƙurarsu ta kwanta. Wata rana mota biyar suka wuce haka. Da ina da ƙarfin hali da na tsaya a tsakiyar titi. Amma a bayan kujerarsa nake tsayawa, ina murza bakin mayafina.

Ranar Talata da hantsi ya ce ba zai iya fita ba. Inna ta je ɗora ruwan zafi. Ya kamo hannuna, nasa sanyi ƙalau.

"Aku."

"Na'am, Baba."

"Yau dai ki yi aikin sunanki. Faɗi abin da na faɗa."

Na faɗa, a hankali.

"Ban ji ba. Bango kike wa?"

Na sake, da ɗan ƙarfi.

"Yatsa nawa?"

"Uku."

"Kin cika mu da surutu," ya ce, ya rufe ido. Kafin ruwan Inna ya tafasa, Baba ya cika.

Kwana biyu da rasuwar, ana zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga jar mota. Manaja ya fito da baƙin tabarau, mai kyamara na biye da shi, kyamarar a kunne. Ya yi wa maza gaisuwa, sannan ya matso bakin zaure inda Inna take da mata. Malama na cikinsu, da safen nan ta dawo.

"Mama, Allah ya ji ƙansa. Baba namu ne, uban kamfani ne. Muna so mu ɗauki motarsa mu ajiye a wajenmu da hotonsa, duk wanda ya shigo ya ga maganarsa ta ƙarshe a rubuce."

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ni ina riƙe da butar ruwa. Ban san lokacin da na ajiye ta ba.

"Ba ita ce maganarsa ba."

Kowa ya juyo. Wasu a layin ba su taɓa jin muryata ba.

"Ba ta taɓa ba ni kunya ba, saboda tun ranar farko na matsar da bututun birkinta yatsa uku, na naɗe shi da roba. Duk wanda ya saya, ya matsar kafin ya hau titi. Haka ya ce. Sau shida ya faɗa. Ka yi masa alkawari ina tsaye."

"Wace ce wannan?" in ji manaja.

"'Yata ce," in ji Inna. "Kuma a gabana ka yi alkawarin."

"Mama, ba a nan ya kamata a yi wannan maganar ba."

"Kai ka kawo ta nan. Motar kuma ko ƙusa ɗaya ba za ta bar ƙofar nan ba. Ka ce wa wancan ya sauke min abin nan daga fuska."

Manaja ya ce za a duba, za a tuntuɓi na sama. Ya shiga mota ya ja ƙofa da ƙarfi. Tallar kuwa har yau ana sa ta, a yanke, yadda take.

Washegari da safe ina share ƙofar gida sai ga Malama ta taho da motarta a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai, yaran a baya da kayan makaranta. Ta tsaya, ta fito.

"Ƙanwata, jiya ban yi barci ba. Ke kin ga wurin da idonki?"

Na gyaɗa kai.

"Nuna min. In na je gareji ban san abin da zan ce musu ba."

Na tattare zanina na kwanta a ƙasa, na tura kai bayan tayar hagu. Bututun na nan jingine da ƙarfen. A daidai inda suka haɗu fentin ya riga ya goge, wuri kaɗan kamar ƙwayar shinkafa yana ƙyalli. Na ce mata ta durƙusa ta sa yatsa. Ta taɓa, ta daɗe ba ta cire hannun ba.

"Ku fito," ta ce wa yaran. "Yau da ƙafa za ku je."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙyalle rawaya cikin ragowar ɗinki, na ɗaure a jikin bututun don bakaniken da za ta kai wa ya gani ba sai ya nema ba. Ta tayar da motar, ta tafi ita kaɗai a giya ɗaya. Yaran suka bi gefen titi, babban na riƙe da hannun ƙaramar. Na tsaya da tsintsiya a hannu, ƙasa a bayan rigata, ina kallon bakin ƙyallen yana lilo a ƙarƙashin motar har ta sha kwana.