Mita Talatin da Kamu Guda

Dokar bakin tabki gajeriya ce: ba gini, ba saran ko reshe ɗaya, sai an bar mita talatin daga ruwa. Rigimar ita ce wane ruwan. Mai fili, mutumin da ke son ya buɗe taga ya wanke hannu a tabki, ya ce ruwan yau, wanda rani ya janye can nesa. Magini ya ce ruwan damina.

Magini ya ja shi gindin wata tsohuwar bishiya, ya nuna masa busasshiyar lakar da ta zagaye ta.

"Nan ruwa ke tsayawa in ya cika, ranka ya daɗe. Daga nan zan auna."

"Ciyawar nan fa? Ta tare min ido."

"Ita ke riƙe maka gaɓa. Ba zan taɓa ta ba."

Mai fili ya yi tsaki, ya ce ya ɗauko magini ya ƙare da alƙali.

Abin da Magini bai faɗa ba shi ne, sabuwar jami'ar duba gine-gine autarsa ce, wadda ta tashi tana riƙe masa bakin igiya. Makonta uku a aiki. In bangon da zai gina ya shiga cikin mita talatin ɗin nan ko da taƙi ɗaya, ko dai ta shafa wa aikin ubanta jan fenti, ko ta kau da kai, bakinta ya mutu a gaɓar nan har abada.

Ranar da ta zo, bango ya kai ƙirji. Ga tef ɗin awo a hannunta, ga gwangwanin fenti. Ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ranki ya daɗe," in ji shi, babu ko murmushi.

Mai fili ya yi saurin nuna mata bakin ruwan yau. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta ratsa ciyawa tana duba gindin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan lakar nan ta kafa turke. Ba wanda ya nuna mata. Magini ya ji kansa ya yi girma har hula na neman matse shi.

Ta ja tef. Ashirin da takwas, da tara, talatin, bango bai zo ba. Sai da ta ƙara kamu guda.

"Baba, kai da ba ka kuskuren awo. Wannan ragowar fa?"

"Taki ce. Na san hannunki zai yi rawa, shi ne na bar masa wuri."

Ta sunkuyar da kai ta rubuta, ta sa hannu. Sannan ta juya ga Mai fili, ta ce ta ƙirga bishiyoyin gaɓar, sha ɗaya ne, kuma sha ɗaya take so ta tarar baɗi.

Mai fili ya dubi Magini yana neman ceto.

"Ni me zan ce?" in ji Magini, yana gyara hula. "Hukuma ta yi magana. Kuma ni na haife ta."